Amsa Laifi a Ƙurarren Lokaci: Wa Ke da Haƙƙin Yin Rangwame?

Ranar Alhamis 26 ga Maris, 2020, ƙasar Niyu Zilan ta wayi gari cikin dokar kulle saboda annobar korona. A wannan rana aka buɗe babbar kotun birnin Christchurch cikin gaggawa, aka haɗa ta ta bidiyo da wani gidan yari da ke Auckland. Mutumin da ya bayyana a allon shi ne wanda ya buɗe wuta a masallatan Annur da Linwood ranar Juma'a 15 ga Maris, 2019, ya kashe masallata 51, ƙaraminsu ɗan shekara 3. Ba za mu ambaci sunansa ba, kamar yadda Firaministar ƙasar ta lokacin, Jacinda Ardern, ta yi alƙawarin ba za ta taɓa ambatonsa ba.

A watan Yunin 2019 ya musanta duk tuhumar da ake yi masa. An sa ranar fara shari'a a watan Mayun 2020, sannan aka ɗaga ta zuwa Yuni don kada ta faɗo cikin Ramadan. Iyalan mamata da waɗanda suka tsira da raunuka sun shafe watanni tara suna shirin zaman makonni a kotu, inda za a maimaita musu abin da ya faru daki-daki. Kwatsam sai ga shi ya amsa laifin kisa 51, da yunƙurin kisa 40, da laifin ta'addanci guda. Saboda kulle ba a tara iyalai ba. Limaman masallatan biyu ne suka zauna a madadinsu, ɗayansu kuwa, na Linwood, haifaffen Najeriya ne.

Dokar wannan ƙasa ta yarda a rage wa mai amsa laifi wani abu daga hukuncinsa, kuma Kotun Ƙolinta ta ƙayyade a shekarar 2010 cewa ragin kada ya wuce kashi 25 cikin 100. To amma ranar 27 ga Agusta, 2020, bayan kwana huɗu ana zama, mutane kusan 90 sun tsaya gabansa sun faɗi abin da ya yi wa rayuwarsu, Mai Shari'a Cameron Mander ya yanke masa ɗaurin rai da rai ba tare da damar neman saki ba har abada. Shi ne mutum na farko da aka yi wa irin wannan hukunci a tarihin ƙasar. Alƙalin ya duba batun amsa laifin, bai ga ya kai nauyin da zai sauya komai ba.

Babu wanda ya yi tsammanin wani abu dabam a shari'a mai girman wannan. Amma a dubban shari'o'in da ba su kai ta ba, rangwamen da ake yi wa mai amsa laifi abu ne na yau da kullum, kuma yana da farashi a rubuce. Ƙasar da ta fi fito da farashin fili ita ce Ingila, wadda daga gare ta kotunanmu na zamani suka gaji tsarinsu.

A Ingila da Wales akwai majalisar da ke tsara wa alƙalai ma'aunin hukunci. Ƙa'idarta a kan amsa laifi, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuni, 2017, ta jera ragin ne bisa lokaci, kuma ɗalibin da ya karanci rabon gado da zakka ba zai sha wahalar riƙe lissafin ba. Wanda ya amsa laifinsa a zaman farko, a rage masa sulusi. Idan ya bari zaman farko ya wuce, iyakar abin da zai samu rubu'i. Daga nan ragin yana ta zaizayewa har ranar da za a fara sauraron shaidu, inda ya koma ushiri. In kuwa sai da shaidu suka fara magana sannan ya sallama, alƙali na iya rage masa ƙasa da haka, ko ya hana shi baki ɗaya. A ɗauka laifin na shekara 10 ne. Mai amsawa da wuri zai samu shekara 6 da wata 8, na tsakiya shekara 7 da rabi, wanda ya jira har bakin ƙofar shari'a shekara 9. A laifin kisan kai an ƙara tsuke abin: ragin ba ya wuce sudusi na mafi ƙarancin shekarun da zai yi a tsare, ba ya kuma haura shekara 5 komai tsawon hukuncin, a ranar fara shari'a kuwa rabin ushiri ne kacal. Wanda laifinsa ya kai a ce ya mutu a kurkuku ba shi da ragin ko kwana ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a wannan ƙa'ida shi ne dalilan da ta bayar. Ta kawo uku: amsa laifi yana rage raɗaɗin abin ga wanda aka zalunta, yana hutar da shi da shaidu daga tsayuwa gaban kotu, yana kuma tanadin lokaci da dukiyar jama'a. Nadama ba ta cikin lissafin. An ce alƙali ya auna ta dabam, tun kafin ya zo kan ragin. Ƙarfin hujja ma an ce kada a dube shi. Ɓarawon da aka kama dumu-dumu da kaya a hannu, kyamara ta ɗauki fuskarsa, idan ya amsa a zaman farko sulusinsa na nan daram, daidai da wanda ya kawo kansa alhali babu shaida ko ɗaya a kansa. Mutane da yawa, har a can Ingilar, suna jin wannan ya tsaya musu a rai, kuma muna fahimtarsu. Sai dai dokar ba ta yaudari kowa ba. Lokaci take saye, ta kuma rubuta kuɗinsa.

Wanda ya fahimci haka zai gane abin da ya sa jinkiri ke cinye ragin. Kafin ranar fara shari'a an riga an kashe kusan duk abin da ake son tanadawa. 'Yan sanda sun gama haɗa bayanai, lauyoyi sun shirya, an keɓe zauren kotu na makonni wanda wata shari'ar za ta iya amfana da shi, an kira masu taya alƙali yanke hukunci. Mafi nauyi duka, matar da aka yi wa fyaɗe ko yaron da ya ga an kashe ɗan'uwansa sun kwana watanni, wani lokaci shekaru, suna fargabar ranar da lauya zai tsare su da tambayoyi. Wannan fargaba an riga an sha ta, ba ta dawowa. Abin da ya rage a cece su daga gare shi shi ne tsayuwar kanta, kuma shi doka ta yi wa kuɗi ushiri.

An ga haka ƙarara a shari'ar Southport. Ranar 29 ga Yuli, 2024, wani matashi ɗan shekara 17 ya shiga ajin rawa na yara da wuƙa, ya kashe 'yan mata uku masu shekara 6 da 7 da 9, ya raunata wasu mutum goma. Musulmin Birtaniya ba za su manta da kwanakin da suka biyo baya ba, domin ƙaryar da aka yaɗa a intanet cewa maharin Musulmi ne ɗan gudun hijira ta sa washegari aka far wa masallacin garin, tarzoma kuma ta bazu zuwa wasu birane, alhali yaron haifaffen Cardiff ne. Cikin masu tarzomar, waɗanda suka amsa laifi nan take an fara yanke musu hukunci a kotun Liverpool tun ranar 7 ga Agusta, kwana takwas bayan harin masallacin. Shi kuwa mai kisan ya yi gum har ranar 20 ga Janairu, 2025, ranar da za a fara shari'arsa a wannan kotun, sai ya amsa dukkan tuhume-tuhume 16. Iyayen yaran ba su cikin zauren, domin an sa ran sai washegari masu gabatar da ƙara za su buɗe bayani, har alƙali ya ba su haƙuri. Kwana uku bayan nan aka yanke masa ɗaurin rai da rai, sai ya yi aƙalla shekara 52 kafin a ko duba batun sakinsa. Amsawar ta hutar da yara daga ba da shaida, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma shi ya zaɓi sa'ar, kamar yadda na Christchurch ya zaɓi tasa, kuma a duka biyun sa'ar ta faɗo lokacin da masu haƙƙi ba su nan.

Bahaushe ya ce wanda ya tuba don wuya ba lada, ya kuma san tuban muzuru. Shari'ar Musulunci ta daɗe da sanin cewa lokacin da mutum ya sauko yana da hukunci. A Suratul Ma'ida, aya ta 33 ta zayyana uƙubar masu fashi da ta da hankali a bayan ƙasa, aya ta 34 kuma ta keɓe waɗanda suka tuba tun kafin a sami iko a kansu. Iyakar ita ce kamu. Ɗan fashin da ya ajiye makami ya miƙa kansa yana da sauran damar gudu, haddin hiraba ya faɗi daga kansa. Wanda sai da aka ɗaure shi ya ce ya tuba, tubarsa tana tsakaninsa da Ubangijinsa, haddi kuwa sai an tsayar. Malamai sun bayyana hikimar da cewa tubar da ta zo kafin kamu alamar gaskiya ce, kuma buɗe wannan ƙofa yana kwaɗaitar da ɗan ta'adda ya daina tun bai ƙara zubar da jini ba. Akwai kuma ƙissar Safwan ɗan Umayya (RA) da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa: an sace masa mayafi yana barci a masallaci, ya kai ɓarawon gaban Manzon Allah (SAW), da ya ji hukunci sai ya ce ya bar masa mayafin sadaka. Aka nuna masa cewa lokacin wannan yafiya shi ne kafin ya kawo ƙara.

Har nan za a ce tsarin biyu sun yi kama, kowanne yana duba agogo. Amma kamannin bai yi nisa ba, domin iƙrari a fiƙihu hujja ce da ake tabbatar da laifi da ita, ba a kuma sanya masa lada a ma'aunin haddi ba. Wanda ya yi iƙrari da wanda shaidu suka tabbatar a kansa haddinsu ɗaya. Hasali ma, a laifukan da suke haƙƙin Allah ne tsantsa, alƙali ba ya zawarcin iƙrari. Ma'izu ɗan Malik (RA) ya zo da ƙafarsa yana faɗin abin da ya aikata, Annabi (SAW) ya riƙa kau da kai har sau huɗu, ya bincika ko yana da taɓin hankali, ko ya sha wani abu, ko abin bai kai yadda yake zato ba. Daga wannan ƙissa malamai suka fitar da cewa mai iƙrari da irin wannan laifi yana iya janyewa, kuma a karɓa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta yi aiki da wannan ƙa'ida cikin dalilanta na sallamar Amina Lawal a watan Satumban 2003. Kotun Ingila tana biyan mutum don ya amsa da wuri, alƙalin haddi kuwa yana buɗe masa hanyar fita ko bayan ya amsa.

Inda haƙƙin mutane ya shigo kuwa, magana ta sauya. Wanda ya yi iƙrari da bashi ko da jini ba ya janyewa. Ɗan fashin nan da ya tuba kafin kamu, Risalar Ibnu Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta bayyana cewa haƙƙin Allah ne ya faɗi daga kansa, amma za a bi shi dukiya da jinin da ya ɗauka. A ƙisasi, aya ta 178 ta Suratul Baƙara ta sanya sassauci a hannun waliyyan mamaci: su nemi ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Alƙali ba shi da ikon yafe jinin da ba nasa ba don kotu ta huta. Hukuma tana da nata rabon, shi ya sa a mazhabar Malikiyya ko an yafe wa mai kisan ganganci ana yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda, kisan gilla kuwa babu yafiya a cikinsa ko daga waliyyi. Amma asalin rangwamen na mai haƙƙi ne.

A nan ne muke ganin tsarin Ingila ya bar giɓi. Dalilai biyu cikin ukun da ya bayar don wanda aka zalunta ne, amma ba a tambayarsa ko ya yarda da cinikin. Yana iya karanta wa kotu bayanin halin da ya shiga, sulusin kuwa an riga an yanke shi a takarda. Wata za ta ce na gode Allah da ban tsaya gaban wannan mutum ba. Wata kuma za ta ce da an bar ni na tsaya, a ji komai a bainar jama'a, ya kuma sha shekarunsa cif. Doka ta amsa musu da baki ɗaya. A zaman Christchurch an ga iyaye da suka dubi makashin 'ya'yansu suka ce sun yafe, an ga wasu da suka roƙi alƙali kada ya sake ganin hasken rana a waje. Dukansu suna kan haƙƙinsu, kuma babu wanda ya isa ya ce wa ɗayansu ya yi kuskure.

Kada a ɗauka muna cewa rage hukunci saboda amsa laifi haramun ne. Mafi yawan laifukan da kotuna ke saurara a yau, daga zamba zuwa safarar ƙwaya, suna ƙarƙashin babin ta'aziri ne, inda aka bar wa shugaba da alƙali su auna maslaha, su dubi halin mai laifi, su tsananta ko su sassauta. Hutar da shaidu da gaggauta hukunci maslaha ce ta gaske, kuma mutumin da ya sauƙaƙa wa kotu aiki bai zama ɗaya da wanda ya ja ta a ƙasa shekara uku ba. Damuwarmu tana kan girman ragin da kuma abin da ke tura shi.

Abin da ke tura shi a yanzu cunkoso ne. A farkon 2025 shari'o'in da ke jiran layi a manyan kotunan laifuka na Ingila da Wales sun kusa 77,000, har ana sa wa wasu rana shekaru masu zuwa. A watan Yulin 2025 tsohon alƙali Brian Leveson, wanda gwamnati ta ɗora wa nazarin matsalar, ya ba da shawarar a ɗaga ragin farko daga sulusi zuwa kashi 40 cikin 100. Wato shekara 10 ta koma 6. Amurka ta riga ta yi nisa a wannan hanya, inda fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi a kotunan tarayya amsawa suke yi ba tare da an yi shari'a ba. Idan tazara ta yi faɗi haka, abin da ake kira rangwame ga mai amsawa ya zama tara ga wanda ya ce a kawo hujja. Kuma wanda ya fi jin nauyin wannan tara shi ne marar laifi mai tsoro.

Birtaniya ta ga misalinsa da idonta. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da ɗaruruwan masu kula da ƙananan gidajen waya bisa zargin sata da maguɗin lissafi, saboda giɓin kuɗi da manhajar kwamfuta mai suna Horizon ke nunawa. Manhajar ce ke da aibi. Da yawansu sun amsa laifin maguɗin lissafi, bisa fatan a janye tuhumar sata su tsira daga kurkuku. A watan Afrilun 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin mutum 39, a 2024 kuma majalisar dokoki ta yi doka ta musamman ta wanke mafi yawan sauran jimla guda. Babu wanda ya doke su. Lauyoyi ne suka zaunar da su suka yi musu lissafi, lissafin kuma ya nuna cewa amsa abin da ba su yi ba ya fi araha. Jumhurun malamai sun tafi a kan cewa iƙrarin wanda aka tilasta ba ya inganta, kuma an ruwaito daga Sayyidina Umar (RA) cewa ba a amince wa maganar mutum a kan kansa idan an yunwatar da shi, ko an ɗaure shi, ko an doke shi. Ɗalibanmu na fiƙihu da na lauya suna da aikin yi a nan: a wane mataki ne kwaɗaitarwa ke komawa tilasci?

Tambayar ta shafe mu kai tsaye. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015 ta halatta yarjejeniyar amsa laifi a sashe na 270, ta kuma tanadi a ji ta bakin wanda aka zalunta, abin da ya kusanto da ita ga abin da muka faɗa a sama. Ta kuma yi wani hangen nesa: wanda ya amsa laifin da hukuncinsa kisa ne, kotu za ta rubuta cewa bai amsa ba, sai an kawo hujja. Amma abin da jama'a suka fi tunawa shi ne shari'ar kuɗin fanshon 'yan sanda a 2013, inda wani babban jami'i ya amsa laifi a kan biliyoyin naira aka ba shi zaɓin tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida, sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara 6. A ɗaya gefen kuma, kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran halinmu jiran shari'a suke. Wanda ya shekara biyu a tsare kan laifin da hukuncinsa wata shida ne, idan aka ce masa amsa ka tafi gida yau, zai amsa ko da ko akuyar bai taɓa gani ba.

Shi ma na Christchurch bai bar maganar ta kwanta ba. A watan Nuwamban 2022, fiye da shekara biyu bayan hukunci, ya shigar da takarda a Kotun Ɗaukaka Ƙara yana ƙalubalantar samunsa da laifi da kuma hukuncin, bayan ya riga ya yi iƙirarin cewa matsin da ya sha a tsare ne ya sa shi amsawa. Iyalan da aka ce amsawarsa ta hutar da su daga shari'a sun ji labarin ne watanni kaɗan kafin cika shekara huɗu da binne mamatansu.